Gemun Da Na Hana A Aske

Salamu alaikum, 'yan uwana mata, da ku mazan da ke laɓewa kuna karantawa kuna cewa ba ku karanta irin wannan. Yau kada wadda ta tambaye ni kalaman soyayya, raina a ɓace yake. Wadda yau ta fara shigowa, ga ni a taƙaice. Sunana Munira Maina, shekarata ashirin da bakwai, a Diffa nake, kuma ni ce mai Dosiyen Jamila, wasan binciken laifi da ake nunawa a tele duk Alhamis bayan magariba. Ni ke rubutawa, ni ke zaɓen 'yan wasa, ni ke tsayawa bayan mai kamera a rana, sannan in zauna a kan mai montaj har ya haɗa hotunan yadda nake so kafin in aika wa tasha a Yamai. In wasa ya yi kyau a ce 'yan wasa sun iya, in ya ɓaci a tuna da 'yar gidan Maina.

Shekara shida ina wannan wahala. A garin nan ko bindigar katako ba ka isa ka ɗauka ka nufi bakin kogin Komadugu ba, sai dai danginka su je neman ka. Lokacin da na fara ma an hana hawa babur, don haka ɓarawona na farko a kan keke ya gudu, 'yar sanda Jamila ta bi shi a amalanken jaki. Mutanen Yamai suka yi ta mana dariya. Tun daga nan na bar harbi da tsere, na koma kan laifin da na fi sani, irin wanda ake yi da takarda da biro da murmushi. Kuma ku riƙe wannan, don shi ya jawo mini komai: ba mu da ɗakin kaya, kowane ɗan wasa da rigarsa ta gida yake fitowa.

Bara, lokacin tsinkar tattasai, na je gonar Baba da ke bakin kogi ta hanyar Geskeru ina duba wurin ɗauka. Cikin matan da ke tsinka akwai wata doguwa mai shiru, sunanta Bintu, ɗaya daga cikin waɗanda tashin hankali ya koro daga ƙetaren kogi suka zauna a Yebi. Ta bari sai da mata suka tafi alwala, ta matso kusa da ni.

"Ke ce mai kama masu laifi?"

Na yi dariya na ce a tele kawai.

"A telen ma ya isa," in ji ta.

Ta ba ni labarin wani mutum mai babbar riga da ya iya Faransanci. Ya ce shi zai rubuta sunayen matan da ba su da maza, ya riƙe musu katin karɓar abinci kada ya ɓace. Ranar rabo ya karɓo buhu, ya auna musu a kwano. Ƙanwar Bintu, Amarya, ita ce ta tsaya a layi ta ɗaga murya ta ce ya ba kowa katinta. Washegari sunanta ya ɓace daga takarda, shi kuma ya bi bukka bukka yana cewa ai ita ce ke sayar da katin mata, ihun na rufe ido ne. Mata suka daina gaishe ta. Ta koma bin bakin kogi neman itace da goyo a baya, zazzaɓi ya kama ta, ta rasu da sunan ɓarauniya. Mutumin ya tattara ya bar yankin, har yau babu wanda ya taɓa ko hularsa.

"Abu biyu nake so," in ji Bintu. "Ki sa ya durƙusa a gaban mata. Kuma ki sa a faɗa a ji, Amarya ba ta yi sata ba."

Na kama hannunta mai kaushi na ce na yi alkawari. Mutumin na sake masa suna na kira shi Fannami. Sunan Amarya kuwa, Bintu ta ce kada in canja shi.

To, yanzu ga Muhsinu. Mushen lakwal ne, wato malamin makaranta, 'yan aji uku yake koya wa, kuma shekara biyu ke nan yana nemana. Mutum ne da in za a yanka kaza sai ya tuna yana da saƙo a waje. Bintu ta gaya mini ɓarawon nan muryarsa sanyi gare ta, in ya gaishe ka sai ka ji kunyar zarginsa. Da na ji haka, wa zan tuna in ba Muhsinu ba? Na roƙe shi ya fito a Fannami, ya amince don ni. Yana da babbar riga guda ta shadda shuɗiya mai farin aiki a wuya, da hula mai tsayi, muka ce su ne kayan Fannami. Na ce ya tara gemu, na kuma kafa masa doka: ko almakashi kada ya kusanci gemun nan sai mun ɗauki kashi na sha biyu, don mako mako nake rubutawa, mako mako muke ɗauka.

Ya iya, wallahi ya iya, har ya wuce yadda nake so. Kafin kashi na biyar yara sun fara bin sa a layi suna waƙa, "Fannami, ina katin Amarya?" Wata mai kifi a kasuwa ta janye farantinta ta ce ba ta sayar masa. Iyaye biyu suka je wurin darektan lakwal suna tambayar ko ya dace a bar yara a hannunsa. Yakan ba ni labari yana dariya, ni ma in yi dariya, har cikin raina ina jin daɗi wasana ya kama mutane. Ban taɓa tsayawa na tambaye shi ko dariyar ta kai ciki ba. Wannan laifina ne, na ɗauka.

Makonni uku da suka wuce iyayensa mata suka kawo kayan na-gani-ina-so, akwati uku, lafaya da atamfa da turare har da takalma. Aka karɓa da guɗa. Sai Juma'ar wancan makon aka ce ya zo da kansa ya gaida Kaka, Ya Gaji, mahaifiyar Baba, don a gidanmu ba a ɗaura komai sai ta sa hannu. Kakata da ƙafa ta baro garinmu Barwa shekarar da tashin hankali ya watsa mu, ta yi shekara biyu ita ma da kati a ƙulle a bakin zane kafin Baba ya samu ya kafa mu a Diffa. Ba ta fashin wasana. Da carbi a hannu take kallo, tana ja tana tsine wa Fannami.

Ranar na tashi tun safe na share tsakar gida, na shimfiɗa sabuwar tabarma, na sa lafaya ruwan ƙwai, lallen hannuna ya kama ja sosai. Kaka da kanta ta zauna tana zuba turaren wuta a kasko tana tsokanata. Bayan an sauko daga masallaci aka yi sallama. Na ɗaga kai. Shuɗiyar riga, hula mai tsayi, ga gemu ya cika fuska. Ita ce rigarsa mai kyau guda ɗaya, me zai sa ranar gaisuwar surukai in ba ita ba? Ko ni ko shi babu wanda ya yi tunani.

Kasko ya suɓuce daga hannun Kaka, garwashi ya watse a kan sabuwar tabarma. Ta cafke bakin zanenta da hannu biyu.

"Wa ya bar shi ya shigo? Maina! Maina! Ga shi nan har tsakar gida!"

Muhsinu ya cire takalmi ya durƙusa, ya sunkuyar da kai. "Wushe, Kaka. Mun same ku lafiya?"

"Kun ji muryar? Kun ji ta? Da ita ya cinye matan nan!"

"Kaka, wasa ne fa," na ce ina tattake garwashi. "Ni na rubuta duk abin da yake faɗa."

"Idon nan ma ke kika rubuta masa? Rufe mini baki. A fitar da shi kafin ya tambayi sunana."

Haka Muhsinu ya fita da takalmi a hannu, ko ruwan da na dama masa bai sha ba.

Bayan la'asar Baba ya kira ni zaure. Shi ya san wasa ne, ai ya yi boko kaɗan.

"Ban haukace ba, Munira, na san yaron kirki ne. Amma wata biyu ke nan in na zauna a majalisa sai wani ya ce Maina zai haɗa zuri'a da mai cin abincin zawarawa. Dariya suke, na sani. To dariyar ta ishe ni. Yau kuma kin ga tsohuwa."

"Baba, in wasan ya ƙare za su manta."

"Ba za su manta ba. Saura kashi ɗaya, kuma biro a hannunki yake. Ki wanke shi. Ki nuna ashe mutumin kirki ne aka yi masa sharri. In kuwa ya durƙusa a gaban garin nan da sunan ɓarawo, kayansa za su koma gidansu."

"Na yi wa wata alkawari, Baba."

"Wa?"

Na gaya masa. Ya kalle ni kamar na yi masa yaren da bai sani ba.

"Don 'yar tsinkar tattasai za ki zubar da aurenki?"

Abin da ya zo bakina ba na gaya wa uba ba ne. Na shiga ɗaki na ɗauki waya na rubuta wa Muhsinu: "Ka ji sharaɗin Baba?"

Ya amsa nan take: "Na ji. Kada ki damu, sarauniyata. Yadda kika rubuta haka zan yi." Ya jera mini zuciya ja guda uku.

'Yan uwa, saƙon nan na karanta shi ya fi sau goma ina murmushi ni kaɗai. Yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Asabar da Lahadi ban leƙa ko ƙofar gida ba, ina rubuta fitowar ƙarshe, inda mata za su ritsa Fannami a layin rabo. Talata za mu ɗauka, Laraba kafin azahar dole in aika Yamai. Litinin da safe na tafi wurin Ya'u mai montaj, wani ɗan shago ne a bayan kasuwa da fanka ɗaya mai ƙara. Ina ɗaga labule na ga ya yi wuf zai rufe allon.

"Mene ne?"

"Ba komai, Hajiya, tsohon aiki ne."

"Buɗe."

Ya buɗe yana sosa ƙeya. Sai ga shuɗiyar riga a tsakiyar gonar tattasai, gonarmu, na gane bishiyar da injin ban ruwa ke ƙarƙashinta. Ga Nazifa mai fitowa a Jamila tsaye da kakinta. Fannami ya cire hula a hankali, ya zaro katin ɗan sanda daga aljihu, ya ce da muryar nan tasa mai sanyi wai tun farko aiko shi aka yi a ɓoye ya gano mai sayar da katin mata. Jamila ta ce to wane ne? Ya girgiza kai cikin tausayi ya ce, "Amarya ce. Ihun da take yi a layi na rufe ido ne."

Kalma a kan kalma, abin da mutumin can ya bi bukkoki yana faɗa a Yebi, shi ne masoyina ya tsaya a gaban kamerata yana maimaitawa. Jamila ta sara masa. Kafin hoton ya yanke sai aka ji wata murya a gefe tana cewa, "Ya yi, ya yi, Allah ya yi albarka," ga kuma hannun riga ya leƙo yana riƙe da farin kwalin da muke haska fuska da shi. Hannun rigar Baba ne, ni na wanke ta ranar Alhamis.

"Sun ce ke kika aiko su," in ji Ya'u. "Jiya aka ɗauka. Mushe Muhsinu ne ya rubuta."

Ban san lokacin da na isa lakwal ba. An fito hutun ƙarfe goma, yara sun cika fili, yana tsaye a inuwar aji da alli a hannu. Yana ganin fuskata ya san na gani.

"Munira, bari in miki bayani."

"Yadda na rubuta haka za ka yi, ko? Da zuciya uku?"

"Rage murya, yara na kallo."

"Su kalla!"

Ya ja ni bayan aji. A nan na ga Muhsinun da ban taɓa gani ba, jijiyar wuyansa ta tashi.

"Ke ana tafa miki a Yamai, ni ake jifa a Diffa. Kin san wata biyu ban shiga kasuwa ba? Kin san mahaifiyata ta daina zuwa biki? An kore ni daga gidanku da takalmi a hannu saboda gemun da kika hana in aske. Na yi shiru duk don ke. Yanzu aurenmu zai tafi, in zauna ina kallo?"

Gaskiya ce, kuma ta soke ni. Amma ba ita na zo ji ba.

"Duk na yarda. Da ka zo ka zage ni, da na ɗauka. Amarya fa? Me ta yi maka?"

"Dole wani ya zama ɓarawon. Ke kika koya mini labarin laifi ba ya rufuwa babu mai laifi. Na duba na ga ita ta riga ta mutu a kashi na bakwai, babu wadda za a jefa a layi."

"Ba a kashi na bakwai ta mutu ba, Muhsinu. A Yebi ta mutu. Kuma ka sani, don na gaya maka tun ranar farko."

Aka kaɗa ƙararrawa.

"Gobe ƙarfe takwas a filin bayan tashar mota," na ce. "Bintu za ta zo da mata. Ka zo da rigar."

Talata tun ƙarfe bakwai mata sun hallara, su arba'in, yawancinsu masu tsinkar tattasai ne da suka taɓa tsayawa a layin rabo na gaske. Ba sai na koya musu yadda ake tsayuwa ba. Muka jera buhunan shinkafa da muka cusa wa ƙaiƙayi, Nazifa ta sa kaki tana ta ba ni haƙuri, Ya'u ya kafa kamera. Takwas ta yi, takwas da rabi ta wuce, rana ta fara cizo. Sai wajen tara na hango shuɗiyar riga tana tahowa. Na sauke ajiyar zuciya. Da ya matso kuwa, sai na ga haɓarsa fes, an aske ta ƙwal har tana sheƙi.

"Ba zai ɗauku ba yanzu," ya ce a hankali, idonsa a ƙasa. "Kashi na sha ɗaya ya ƙare ina da gemu, wannan kuma minti ɗaya ne tsakaninsu. Gobe za ki aika. Sai dai a tura namu."

Kun ji? A wurina ya koyi wannan. Ni na zauna na koya masa cewa in mutum ya fita ƙofa da hula dole ya shigo da ita, yau ga shi ya ɗauki darasin ya soke ni da shi. Ya'u ya ce ko a shafa masa gawayi. Nazifa ta ce ko a manna gashin akuya. Na ce su yi mini shiru, don kamera ba ta ɓoye irin wannan, kuma ban yi shekara shida ina gina Jamila don a rufe ta da gashin akuya ba. Hawaye ya cika mini ido, na fushi ne zalla.

Bintu ta fito daga layi. "Me ake jira, 'yar Maina? Rana tana yi."

Na gaya mata an aske gemu, ba za a gane shi ne mutumin makon jiya ba.

"Gemu?" Ta kalle shi sama da ƙasa. "Mu a can in an kama mai satar abinci, buhun da ya sata ake kifa masa a kai. Wa ke son ganin fuskarsa?"

Ta ɗauki buhu ɗaya ta kwance baki ta zazzage ƙaiƙayin a ƙasa, ta karkaɗe. Na juya ga Muhsinu.

"Ba na bukatar fuskarka, rigar nake so. In za ka durƙusa, bismilla. In ba za ka iya ba, cire ta Ya'u ya sa."

Ya kalle ni, ya kalli mata arba'in da suka zuba masa ido babu mai ƙiftawa. Ban san me ya gani a fuskokinsu ba. Ya dai juya wa kamera baya, ya tsaya inda na ja masa layi a ƙasa. Na ce a fara. Mata suka rufa masa, Bintu ta kifa buhun, Jamila ta zare jakar katin daga kafaɗarsa ta zazzage, gwiwoyinsa suka taɓa ƙasa.

Jimla ɗaya na rubuta wa Bintu. Ta faɗe ta da ƙarfi: "Amarya ba ta yi sata ba." A nan ya kamata in ce a yanke. Amma ba ta tsaya ba. Ta sunkuya daidai kunnen buhun ta koma Barbarci, tana magana da mutumin can da ba ya nan. Ta gaya masa su biyu kaɗai suka wanke gawar ƙanwarta don babu wadda ta yarda ta shigo bukkar ɓarauniya. Ta gaya masa yaron da aka bari yana hannunta, ya fara tambayar me ya sa ake nuna shi da baki. Ta gaya masa a bakin zanen Amarya sun samu ƙulli, da suka kwance babu komai a ciki sai igiyar da take ɗaure katinta da ita. Matan layi suka fara kuka, na gaske, wanda ba na biyan kowa ya yi. Ƙarƙashin buhun na ga kafaɗun shuɗiyar riga suna rawa. Na manta da aikina sam, sai da Ya'u ya taɓa ni.

Ban cire ko daƙiƙa ɗaya ba. Laraba ƙarfe sha ɗaya na aika, Bintu da mutanenta kuwa tun da safe suka hau motar Yebi.

Alhamis bayan magariba aka fito da tele tsakar gida, maƙwabta suka cika tabarmi. Baba ya riga ya sa an jera akwatunan uku a bakin zaure, don Ya'u ya gaya masa wanda na aika. Tun Litinin ba ya amsa gaisuwata. Aka fara. Da aka kifa buhu Kaka ta miƙe tsaye da carbinta. Da Bintu ta fara magana wata maƙwabciya ta rufe fuska da mayafi. Da aka rubuta ƙarshe Kaka ta rangaɗa guɗar da ban taɓa jin ta yi ba tun muna Barwa.

Baba ya miƙe. "A fitar da kayan nan."

Kafin kowa ya motsa, tsohuwar nan da sai an kama ta take hawa gado ta taka ta haye kan babban akwatin ta zauna daram.

"Ba inda za su."

"Ya, ke fa kika kore shi."

"Na kore shi lokacin ba a kama shi ba. Yanzu an kama shi, ya durƙusa, ya yi kuka, na ga kafaɗarsa da idona. Wanda ya sha hukunci a gaban mata arba'in, me kuma za a ƙara masa? Ya tuba. Ka aika ya zo in sa masa albarka."

Maƙwabta suka fashe da dariya, wasu na tafi. Baba ya tsaya baki buɗe, a gaban mutane ba ya iya ja da mahaifiyarsa. Ya zauna yana gyara hula, ya ce to ai shi ke nan. Kowa ya juyo yana kallona ana jiran in rufe fuska don kunya da murna.

Ni kuwa ban ga abin murna ba. Kaka ta yafe wa Fannami laifin da Muhsinu bai yi ba. Wanda ya yi da hannunsa, da bironsa, a gonar ubana, babu wanda ya san da shi a tsakar gidan nan sai ni da Baba, kuma Baba ya fi kowa son a manta. Na tashi na sunkuci ƙaramin akwatin na nufi zaure, Kaka na kira na ina ji na ƙi juyowa.

A zauren na same shi tsaye, ashe a ƙofar gida ya tsaya ya ji wasan daga waje. Farar riga ce a jikinsa, haɓar nan fes. Ya buɗe tafin hannunsa, ga ɗan katin kamera.

"Namu ne. Shi kaɗai ya rage, na sa Ya'u ya goge na wurinsa. Na ji duk abin da ta faɗa, Munira, a kunnena ta faɗe shi. Karɓi ki karya."

"Ba ni za ka ba wa ba."

"To wa?"

"Motar Yebi tana tashi ƙarfe bakwai na safe. Ka je ka nemi Bintu, ka sa katin nan a waya ka nuna mata. Ka gaya mata da bakinka kai ka rubuta. In ta ce ka tashi, ka dawo ka same ni."

"In ba ta ce ba fa?"

Na dire akwatin a tsakaninmu, na koma cikin gida.

Kwana uku ke nan. Kaka ta sa an mai da manyan akwatunan ɗakinta tana gadi, Baba ya koma majalisa ana taya shi murna. Ƙaramin yana nan a zaure inda na dire shi, kowa tsallake shi yake. Ya'u ya ce wani ya ga Muhsinu a tasha ranar Juma'a da safe, wani kuma ya ce bai gan shi ya hau ba. Na kira sau ɗaya, sau ɗaya tak, kada ku ce na sauko. Wayarsa a kashe take.